Yadda Ake Gane Tsibin Ƙonannun Duwatsu a Gaɓar Teku, a Adana Bayaninsa Kafin Ruwa Ya Tafi da Shi

A shekarar 2005 guguwa ta yi wa tsibirin Sanday da ke Orkney, can arewacin Sikotlan, dukan kawo wuƙa. Da teku ya lafa, sai mutanen wurin da ake kira Meur suka tarar ruwa ya yaye gefen gaɓa, ga wasu fala-falan duwatsu a tsaye kamar an gina akwati, kewaye da baƙar ƙasa da jajayen gutsattsarin dutse. Abin da ya kwanta a rufe shekara wajen dubu uku, dare ɗaya ya tone shi. Ruwan da ya tone shi kuwa shi ne zai dawo ya kwashe shi.

Wannan jagora ta wanda karatu, aiki ko ziyara suka kai Sikotlan, Ayalan, Wales ko Ingila ce, yana kuma son taka gaɓar teku da ido buɗe. Ba sai kana da digiri a binciken kayan tarihi ba. Waya mai kyamara, tef ɗin awo irin na tela, littafin rubutu da fensir sun ishe ka. Fensir na ce, domin biro ba ya rubutu a jiƙaƙƙiyar takarda, kuma a can ruwan sama ba ya sallama.

Mataki na farko: san abin da kake nema

Irin abin da ya fito a Meur, Turawa na kiransa burnt mound, mutanen Ayalan kuma fulacht fiadh. Riƙe sunayen nan biyu, da su za ka yi bincike a rajistar hukuma. Tsibi ne na duwatsun da wuta ta gasa har suka farfashe, gauraye da gawayi da toka. Yawancinsu na Zamanin Tagulla ne, wato shekara 3,000 zuwa 4,000 da suka wuce, ko da yake akwai waɗanda suka girmi haka. A Ayalan kaɗai an lissafa dubbai, gundumar Cork ce ke kan gaba. Tsibiran Shetland da Orkney na Sikotlan ma cike suke da su.

Yadda aka yi tsibin ya taru ba wuya a fahimta. Mutanen ba su da tukunyar da za ta ɗauki ruwa mai yawa a ɗora kan murhu, sai suka juya lamarin: maimakon a kai ruwa wurin wuta, sai a kai wuta cikin ruwa. A haƙa kwami a ƙasa kusa da rafi ko fadama, a shimfiɗe shi da katako, ko fala-falan duwatsu, ko yumɓu. A hura wuta gefe, a gasa duwatsu su yi jajir, a gangara su cikin ruwan. Dutse ya yi zafi, ya faɗa ruwan sanyi, ya sake komawa wuta, bayan 'yan zagaye sai ya tsage ya zama tsakuwa. Sai a kwashe tarkacen a watsa baya da gefe biyu, a bar gaba a buɗe don zirga-zirga. Shi ya sa tsibin ke fitowa da siffar jinjirin wata ko kofaton doki, kwamin yana cikin lanƙwasar.

A 1952 wani masani ɗan Ayalan, Michael J. O'Kelly, ya gwada abin da hannunsa a Ballyvourney da ke Cork. Ya cika kwami mai cin lita wajen 450, ya riƙa jefa gasassun duwatsu, cikin kusan rabin awa ruwa ya tafasa. Ya naɗe cinyar tunkiya mai nauyin kilo huɗu da rabi da ciyawa ya sa ciki, yana ƙara dutse jefi-jefi, bayan awa uku da minti arba'in nama ya dahu. Gwajin nan ya ƙarfafa ra'ayin cewa wurin dafa abinci ne. Sai dai akwai tangarɗa: da wuya a sami ƙashin dabba a mafi yawansu. Wasu suka ce ƙasar wuraren ce mai tsami, tana narkar da ƙashi. A 1987 Lawrence Barfield da Mike Hodder, waɗanda suka yi aiki kan irin waɗannan tsibi a Birmingham, suka kawo shawarar cewa ɗakunan wankan surace ne. A 2007 wasu masana biyu a Galway suka dafa giya a kwamin katako don nuna cewa hakan ma mai yiwuwa ne. Akwai masu cewa jimar fata, akwai masu cewa rini ko wankin ulu.

Ni dai a ganina gardamar ta fi ƙarfin hujjar. Gwaji yana nuna abu zai yiwu ne kawai, ba ya nuna shi aka yi. Kuma duk wanda ya girma a gidan da babbar tukunya ɗaya ke dafa tuwon suna yau, gobe ta dafa ruwan wankan jego, ba zai sha mamaki ba in aka ce kwami ɗaya ya yi aiki biyar. Abin da ba a gardama a kai shi ne ruwan zafi mai yawa, an yi ta yi, shekara da shekaru.

Gargaɗi ɗaya kafin mu wuce: kada sha'awa ta ɗebe ka ka kwashi duwatsun bakin ruwa ka jefa wuta don gwaji. Dutsen da ya sha ruwa yana iya fashewa da ƙarfi ya ji maka a ido.

Mataki na biyu: yi aikin gida kafin ka ɗaura takalmi

Ba a fafa gora ranar tafiya. Zaɓi yanki ɗaya na gaɓa, kilomita ɗaya ko biyu, wanda za ka iya komawa sau da yawa. Mai yawo ko'ina sau ɗaya-ɗaya ba ya ganin canji, kuma canjin shi ne abin nema.

Duba rajistar wuraren tarihi. A Sikotlan, Historic Environment Scotland ke riƙe da ita a intanet. A Jamhuriyar Ayalan, National Monuments Service na da taswira mai ɗigo a kan kowane wuri da aka sani. Ƙungiyar SCAPE, wadda ke da mazauni a Jami'ar St Andrews, ta daɗe tana aiki da 'yan sa kai kan wuraren da teku ke ci a Sikotlan, tana kuma da taswira da manhajar waya ta aika rahoto. Rubuta lambar duk wurin da ke kan hanyarka da abin da aka faɗa a kansa a ziyarar ƙarshe. Sau da yawa za ka ga bayanin ya shekara ashirin ba a taɓa shi ba.

Sannan ka buɗe tsofaffin taswirori. Babban ɗakin karatu na ƙasar Sikotlan ya sa na ƙarni na 19 a intanet kyauta, kana iya ɗora su kan hoton tauraron ɗan'adam na yau. In tsohuwar taswira ta nuna katangar gona tana tafiya miƙe, yau kuma ta yanke a bakin gaɓa kamar an sare ta da adda, ka san teku na aiki a nan.

Game da izinin shiga: dokar Sikotlan ta 2003 ta ba mutane damar ratsa mafi yawan filaye muddin ba ɓarna, amma a Ingila da Ayalan ba haka ba ne. Ko ina ne dai, sallama ga mai gona ba ta taɓa zama asara ba. Shi ya san inda garmarsa ke cin karo da baƙar ƙasa. Tsibin Liddle da ke South Ronaldsay, ɗaya daga cikin mafi shahara a Orkney, manomi ne ya gano ginin cikinsa a farkon shekarun 1970 yana ɗibar duwatsun don gyaran hanyar gona.

Mataki na uku: lokaci, da tsira da rai

Wanda ya tashi nesa da teku nan ne ya fi buƙatar jan kunne. Teku na cikowa ya janye sau biyu a yini, tsakanin cikowa da cikowa kamar awa goma sha biyu da minti ashirin da biyar. Ba kamar kogi ba ne da za ka ga ruwa na tahowa ta gaba. Yakan zagayo ta bayanka ya cike kwari, kana can kana ɗaukar hoto, ka waiga ka ga hanyar komawa ta zama tafki. Duba jadawalin cikowar ruwa na wurin, ka sauka awa biyu kafin ƙarshen janyewa, ka fara haramar fita da zarar ya juyo.

Lissafin watan Musulunci zai yi maka amfani a nan. Janyewa mafi nisa, da cikowa mafi tsayi, suna zuwa ne daf da tsayuwar wata da kuma wajen sha huɗu zuwa sha shida. A ranakun ne ake ganin abin da ke ɓoye a sauran kwanaki. Lokaci mafi albarka kuwa shi ne kwana ɗaya ko biyu bayan babbar guguwar hunturu. Kada ka je ana tsakiyar yinta, kada kuma ka tsaya ƙarƙashin gaɓar da ruwa ya rarake gindinta, ko a kan leɓenta. Faɗa wa wani inda za ka da lokacin dawowa. In abu ya ɓaci, a kira 999 a nemi masu gadin teku.

Mataki na huɗu: karanta bangon gaɓa

Ga inda aikin yake. Ka yi tafiya a ƙasa, kan rairayi, fuskarka na kallon tudu. Inda teku ya yanki ƙasa, za ka ga bangon ya fito hawa-hawa: ciyawa a sama, ƙasar noma, wataƙila yashin da iska ta tara, can ƙasa kuma yumɓu mai tauri da ƙanƙara ta bari tun zamanin da. Abin da kake nema shi ne wani layi baƙi ƙirin a tsakani, mai kauri a tsakiya yana sirancewa ta gefe biyu, cunkushe da duwatsu.

Amma fara da kallon ƙafarka. Duwatsun gaɓa na asali ruwa ya goge su, sumul suke kamar ƙwai. In ka ga tarin masu kusurwa da kaifi, girman dunƙulen hannu ko ƙasa da haka, launinsu ja-ja, ruwan hoda ko toka-toka, ɗaga kai ka dubi bangon da ke saman su. Daga nan suka zubo. Ɗauki ɗaya daga waɗanda suka riga suka faɗo ka juya shi. Sau da yawa gefe ɗaya na nan da santsinsa na dutsen rafi, sauran gefunan kuwa fasassu ne, da ƙananan tsage-tsage kamar tafin ƙafa a lokacin hunturu. Murza shi da babban yatsa. In dutsen yashi ne, wanda shi suka fi so, za ka ji yana marmashewa, yatsanka kuma ya yi baƙi kamar ka taɓa gindin tukunya. Ajiye shi inda ka ɗauka.

Alamu uku ke ƙarfafa zato in sun haɗu: fasassun duwatsu masu yawan gaske, baƙar ƙasa mai gawayi, da ruwan daɗi a kusa, ko rafi ne, ko idon ruwa, ko wata 'yar fadama mai ciyayi. Na huɗu, in ka yi sa'a, shi ne kwamin kansa: fala-falan duwatsu a tsaye sun yi kusurwa, ko bakin katako na leƙowa daga laka. Wani abin lura kuma shi ne rashin kaya. Ba kasko, ba ƙashi, ba ƙwanso sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Akwai masu kama da shi da ke ruɗin sabon shiga. Jujin tsohon ƙauye ma baƙi ne, amma cike yake da ƙwanson dodon koɗin teku, ƙashin kifi da na dabba da fasassun tukwane. Wannan ma abin kai rahoto ne, sai dai sunansa daban. Akwai baƙar ƙasar fadama ta ruɓaɓɓun tsirrai, irin wadda mutanen can ke yanka su busar su yi makamashi: laushi gare ta, da zare-zaren saiwa, ba dutse. A Orkney da tsibiran yammacin Sikotlan za ka ci karo da ramuka marasa zurfi da aka jera wa duwatsu, inda aka ƙona ciyawar teku a ƙarni na 18 da farkon na 19 don sayar da tokarta ga masu yin gilashi da sabulu. Sai tsibin duwatsun da manoma ke tsincewa daga gona, waɗanda wuta ba ta taɓa ba. Sai kuma murhun 'yan yawon shaƙatawa na bara, wanda murfin kwalba ke tona masa asiri.

In ka kasa rabewa, rubuta abin da idonka ya gani, ka bar wa masana sanya suna.

Mataki na biyar: hoto da awo

A watan Mayun 2013, a Happisburgh da ke gabashin Ingila, ruwa ya share yashi ya bayyana sawun ƙafafun mutane a tsohuwar laka, masu shekara fiye da 800,000. Cikin kusan mako biyu teku ya shafe su. Abin da ya rage wa duniya shi ne hotunan da aka ɗauka ta kowace kusurwa, aka haɗa su a kwamfuta suka ba da siffar wurin. Saboda haka kada ka ce sai ka dawo da kyamara mai kyau. Ɗauka yau.

Fara daga nesa, yadda wani abu da ba ya motsi zai shiga hoton: gida, hasumiya, ƙusurwar katanga. Matso ka ɗauki bangon gaba ɗaya, kana tsaye daidai gabansa, ba a karkace ba. Sannan na kusa. Kowane hoto a sa ma'auni a ciki, ko tef ɗin a buɗe, ko rula. In ba komai, sandar tafiya ta yi, amma ka auna tsawonta daga baya ka rubuta. Bayan haka bi bangon a hankali kana ɗauka taki bayan taki, kowane hoto ya maimaita fiye da rabin na bayansa. Hoto talatin ko arba'in irin wannan sun isa a gina siffar wurin.

Awo huɗu kake buƙata: tsawon baƙin layin, kaurinsa a inda ya fi kauri, zurfinsa daga ciyawar sama, da tazarar da ke tsakanin leɓen gaɓa da wani abu tsayayye a tudu. Na ƙarshen nan ya fi sauran daraja, domin shi zai gaya maka santimita nawa teku ya ci in ka dawo. Zaɓi abu biyu, misali turken shinge da ƙusurwar gini, ka bayyana su yadda baƙo zai gane. Turken shinge kaɗai ba abin dogaro ba ne, manomi na matsar da shi baya duk sanda gaɓa ta matso.

Ɗauki lambobin wurin, wato na GPS, daga wayarka, rubuta kwanan wata, ƙarfe nawa, da halin da ruwa ke ciki. Yi ɗan zane ko da hannunka ba ya zane. Ka kuma rubuta abin da ke cin wurin, domin ba kullum igiyar ruwa ba ce. Wani wurin ramukan zomaye ne, wani tumaki ke sauka ta nan, wani rafin da ya ba mutanen da ruwa shi ke wanke tsibin yanzu, wani kuma iska ce ke kwashe yashi, kamar a Links of Noltland da ke tsibirin Westray a Orkney inda iska ta tone gidaje na zamanin dutse da na tagulla.

Mataki na shida: hannu a aljihu

Kada ka tona, kada ka zaro, kada ka kankare bango don hoto ya yi kyau. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Dalilin ba tsoron hukuma kaɗai ba ne. Shekarun tsibi ana gane su ne daga gawayi, ta awon sinadarin kabon, kuma masana na neman gawayin ƙaramin reshe da bai daɗe a duniya ba, daga hawa sananne. Gawayin da ka zuba a leda ka kai musu ba a san daga wane hawa ya fito ba, ya tashi daga shaida ya koma gawayi kawai. Katakon da ya shekara dubu uku a laka kuwa, rashin iska ne ya adana shi. Fito da shi ya bushe, sai ya tsattsage ya lanƙwashe. Kwalekwalen Dufuna na jihar Yobe, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙar rijiya a 1987, ya kai shekara wajen 8,000 ne saboda jiƙaƙƙiyar ƙasar da ta rufe shi, ya kuma tsira ne saboda an kai labari maimakon a sa gatari.

Dokar ma a sani. A Sikotlan duk wani kayan tarihi da aka tsinta dole a sanar da sashen Treasure Trove, mai kula da irin waɗannan tsintuwar. A Jamhuriyar Ayalan kayan na ƙasa ne, ana sanar da gidan tarihi na ƙasa, kuma neman kayan tarihi da na'urar gano ƙarfe ba lasisi laifi ne. In abu ya riga ya faɗo kan rairayi, ruwa kuma zai tafi da shi a cikowa ta gaba, ɗauki hotonsa a inda yake, rubuta lambobin wurin, sannan ka ɗauka ka miƙa. In ƙashin mutum ne, kada ka taɓa, 'yan sanda ake fara kira. Tsofaffin maƙabartu da yawa na bakin gaɓa a tsibiran nan.

Mataki na bakwai: kai rahoto, ka san abin da zai biyo baya

Aika wa jami'in kayan tarihi na ƙaramar hukumar yankin, da SCAPE in a Sikotlan ne. Gajeren saƙo: wuri, rana, abin da ka gani, awo, hotuna biyar mafi kyau, da ko kana ganin abin na gaggawa ne. Ka ce sauran hotunan na nan in ana so. Kada ka baza ainihin lambobin wurin a Facebook, akwai masu farautar kayan sayarwa.

Kada kuma ka sa rai gobe za a zo da motoci. Zaɓin da ke gaban hukuma kaɗan ne, kuɗi kuma ba su kai yawan wuraren ba. Ana iya gina katangar kare ruwa, kamar wadda aka yi wa tsohon ƙauyen Skara Brae da ke Orkney a shekarun 1920, shi ma guguwar 1850 ce ta tone shi. Amma katanga na da tsada, tana son gyara kullum, kuma takan tura ƙarfin ruwan zuwa maƙwabta. Ana iya tonawa a rubuta komai kafin ya tafi. Ana iya ɗauke ginin ɗungurungum: a 2008 mutanen tsibirin Bressay a Shetland suka sa wa duwatsun tsibin Cruester lamba ɗaya bayan ɗaya, suka kwashe suka sake ginawa kusa da gidan tarihinsu, a 2014 kuma mutanen Sanday suka yi wa na Meur haka. Wasu masana na ganin gini in ya bar rafinsa da gaɓarsa ya zama abin kallo kawai. Da gaskiyarsu, amma ɗayan zaɓin shi ne ya zama tsakuwa a ƙarƙashin teku, kuma a Meur ɗage ginin ne ya ba da damar ganin tsohuwar rijiya da ke ƙarƙashinsa. Mafi yawan wurare dai ba za su sami ko ɗaya cikin ukun ba. Bayanin da irinka suka tara shi ne kaɗai zai saura.

Wanda ke zaune a gaɓar Afirka ta Yamma zai iya ɗaukar matakai na biyu zuwa na bakwai ya daidaita su da dokoki da hukumomin ƙasarsa, ko da tsibin ƙonannun duwatsu ba shi ne abin da zai tarar ba. A Keta da ke Ghana, teku ya riga ya cinye babban ɓangare na ganuwar Prinzenstein da mutanen Denmark suka gina a 1784. Can hukumar gidajen tarihi ta ƙasar ake kai wa rahoto.

Mataki na takwas: koma

Sa rana a kalanda: ƙarshen kaka kafin guguwa ta fara, ƙarshen hunturu bayan ta gama, da duk bayan wata babba a tsakani. Tsaya daidai inda ka tsaya a karon farko, buɗe tsohon hoton a waya, daidaita gidan nan ko hasumiyar a gefe ɗaya na allon, ka ɗauka. Ja tef daga ƙusurwar ginin zuwa leɓen gaɓa, rubuta sabon adadin ƙarƙashin tsohon. In ka tarar baƙin layin babu shi, wannan ma a rubuta, da kwanan wata, a aika.